Idan Kamfani Ya Ce Ya Damu Da Kai

A ranar 4 ga Janairun 1954, jaridu sama da 400 a Amurka suka fito ɗauke da wata sanarwa mai cin shafi guda, wadda manyan kamfanonin taba sigari suka biya aka buga. A lokacin binciken likitoci ya fara alaƙanta shan taba da sankarar huhu, hankalin mashaya kuma ya tashi. Sanarwar ba ta zo da faɗa ba. Cikin ladabi ta ce kamfanonin sun ɗauki lafiyar jama'a a matsayin nauyin da ya fi kowane girma a harkarsu, ta ce sun yi imani kayansu ba sa cutarwa, sannan ta yi alkawarin kafa kwamitin bincike. Kamfanin hulɗa da jama'a na Hill & Knowlton ne ya tsara musu dabarar. Wanda ya natsu ya karanta zai ga babu inda aka fito aka ce taba ba ta kisa. "Mun yi imani" aka ce, imani kuwa ba abin da ake ɗora wa a sikeli ba ne. Da irin wannan lafazi aka sayi shekaru masu yawa na shakku a zukatan mutane.

Yau wannan harshe ya zama sana'a mai zaman kanta. Da wuya ka samu babban kamfanin da ba ya fitar da rahoto duk shekara kan abin da yake wa muhalli da ma'aikata da al'ummar da yake zaune a cikinta. Kuskure ne a ɗauka duk ƙarya ce ake shirgawa a ciki. Ƙarya tsagwaronta ba ta da yawa, domin tana da haɗari. Abin da ya fi yawa shi ne jimlar da aka gina ta yadda za ta yi daɗi a kunne amma ba za a taɓa iya kama ta da laifi ba. Don haka tambayar da ta fi amfani ga mai karatu ita ce: me zai faru a zahiri har a ce wannan magana ba ta tabbata ba? In babu, to kamfanin bai ɗauki wani nauyi ba, sauti kawai ya fitar.

Kafin a kai ga dabarun, yana da kyau a san abin da ya sa kamfani ke wannan magana tun farko. A 1970 masanin tattalin arziki Milton Friedman ya rubuta a mujallar New York Times cewa nauyin al'umma guda ɗaya ne a kan kamfani, shi ne ya ƙara riba ba tare da ya karya dokar kasuwa ba. A ganinsa, manajan da ke rabon kuɗin kamfani don ayyukan alheri kyauta yake da dukiyar da ba tasa ba. Wannan ra'ayi ya yi tashe shekaru da dama. Amma duniya ta ci gaba da matsa lamba. A 1999 Kofi Annan ya yi kira ga 'yan kasuwa a taron tattalin arzikin duniya na Davos, abin da ya haifar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya da kamfanoni a 2000, wadda a yau ta ƙunshi ƙa'idoji goma kan haƙƙin ɗan Adam da ƙwadago da muhalli da yaƙi da rashawa. A 2004 aka fara yaɗa haruffan nan uku, ESG, masu nufin muhalli da al'umma da tsarin shugabanci, aka miƙa su ga masu zuba jari a matsayin ma'auni. Zuwa Agustan 2019 shugabannin manyan kamfanonin Amurka 181, ƙarƙashin ƙungiyar Business Roundtable, suka sa hannu a takardar da ta ce kamfani na kowa ne da ke da ruwa da tsaki a cikinsa: masu saye, ma'aikata, masu kawo kaya, al'umma, da masu hannun jari. Jaridu suka ce an binne Friedman. Sai wasu masana shari'a biyu na Jami'ar Harvard, Lucian Bebchuk da Roberto Tallarita, suka bi kamfanonin da tambaya mai sauƙi: shin majalisar daraktocinku ta amince kafin a sa hannu? Cikin 48 da suka amsa, ɗaya tak ya ce e. Duk shawarar da za ta sauya alƙiblar kamfani da gaske sai ta bi ta gaban daraktoci. Tun da wannan ba ta bi ba, masu sa hannun da kansu ba su ɗauke ta a matsayin sauyi ba.

Akwai kuma yadda ake rubuta takardun, wanda shi ke bayyana ɗanɗanonsu. Rahoto ɗaya mutane daban-daban za su karanta shi: mai saye da ke son ya ji bai yi laifi ba, mai zuba jari da ke tsoron asara, matashin da ke neman aiki a wurin da ba zai ji kunyarsa ba, da hukumar da ke tunanin kafa sabuwar doka. Sashen talla yana son kalmomi masu zafi. Lauyan kamfani yana bin bayansu da jan biro, yana goge duk abin da wani zai iya riƙewa ya kai kotu. Abin da ya tsira daga hannun su biyun shi ke isowa gare mu, shi ya sa yake fitowa da fara'a amma babu ƙashi.

Wurin da aka fi gane wannan shi ne wajen ambaton mai aiki. Idan abin kirki ne, "mu" ce ke kan gaba: mun gina, mun horar, mun dasa, mun tallafa. Da an zo kan ɓarna sai mai aikin ya ɓace. An samu malalar mai. Hatsari ya auku. An fuskanci ƙalubale a wasu masana'antu. Malalar sai ta zama kamar ruwan sama, abin da ya sauko ba da hannun kowa ba. A Afrilun 2017 jami'an tsaro suka ja wani fasinja a ƙasa suka fitar da shi daga jirgin United Airlines a Chicago, fuskarsa jina-jina, mutane suna ɗauka a waya. Sanarwar farko da shugaban kamfanin, Oscar Munoz, ya fitar ta nemi afuwa ne bisa "sake tsara wa fasinjoji wuri". Duniya ta ga hoton da idonta, don haka tazarar da ke tsakanin abin da ya faru da yadda aka faɗe shi ta fito fili, har sai da ya sake fitowa ya ba da haƙuri na gaske. A mafi yawan lokuta babu mai ɗauka a waya, lafazin ne kaɗai ke isowa.

Bayan mai aiki sai lokaci. Harshen nauyin al'umma yana son gobe. "Mun ƙudiri aniya", "muna fatan", "muna kan hanya", "burinmu shi ne". Kowace ɗaya tana bayyana abin da ke cikin zuciya, ba ta bayyana abin da aka yi. Alkawarin daina ƙara hayaƙi a sararin sama nan da 2050 ya zama ruwan dare, kuma ba laifi ba ne a yi shi, tun da masana kimiyyar yanayi da kansu wannan shekarar suka nuna. Sai dai shugaban da ya yi alkawarin ba zai kasance a kujerar ba ranar da za a zo bin bashi. Abin dubawa shi ne ko an faɗi inda za a kai nan da shekara uku ko biyar, da kuɗin da aka ware, da kuma ko ladan shugabannin ya rataya a kan cika shi. Maganar "tafiya" ma tana da nata amfani a wurinsu: mai tafiya ba a ce masa ya gaza, sai dai a ce bai iso ba tukuna.

Sai kalmomin da kowa ke so amma babu wanda ya yi musu iyaka: mai ɗorewa, mai mutunta muhalli, na asali, mai tsafta, kore. A 2020 Hukumar Tarayyar Turai ta binciki irin waɗannan iƙirari a kan kayayyaki, ta samu sama da rabinsu, kashi 53 cikin 100, ko dai ba su da takamaiman ma'ana, ko suna ɓatarwa, ko ba su da tushe, kashi 40 kuma babu wata hujja a bayansu. Ganyen da aka zana a jikin kwalba da launin kore da hoton yara suna dariya duk cikin zancen suke, kuma sun fi kalma sauƙin sha'ani, domin ba a kai hoto ƙara bisa ƙarya.

Mutum zai ce to a ba mu alƙaluma, su ai ba sa ruɗi. Nan ne ma ƙwarewar ta fi zurfi, kuma nan ya kamata a daɗe. Kamfani zai ce ya kashe miliyoyi a kan ilimi, ko shirinsa ya "taɓa rayuwar" mutum miliyan ɗaya. Na farko abin da ya fita daga aljihu ne, bai faɗi ko yaran sun iya karatu ba. Na biyu kuwa yana iya haɗawa da duk wanda aka miƙa wa takardar wayar da kai. Wani zai ce ya rage hayaƙi da kashi 30 cikin 100 a kan kowane kaya da ya ƙera. Mai yiwuwa gaskiya ne. Amma idan a wannan tsakanin ya ninka yawan kayan da yake ƙerawa, jimillar hayaƙinsa ta ƙaru da kashi 40, sararin sama kuwa jimilla yake karɓa. Shekarar da aka fara ƙidaya daga gare ta ma zaɓa ake yi. In ka ɗauki shekarar da hayaƙinka ya fi yawa, duk abin da ya biyo baya ci gaba ne. Wanda ya fi su duka girma shi ne batun iyaka. Tsarin lissafin hayaƙi da aka fi amfani da shi a duniya ya kasa shi gida uku: wanda kamfani ya fitar da kansa a wuraren aikinsa, wanda ya fito daga wutar lantarkin da ya saya, da wanda ya fito daga masu kawo masa kaya da masu amfani da abin da ya sayar. A kamfanin mai, wannan na ukun ya kan haura kashi 80 cikin 100, domin man ana ƙona shi ne a motar mai saye. Don haka idan kamfanin mai ya ce zai tsaftace hayaƙin "ayyukansa", kalma ɗaya ta fitar da mafi yawan matsalar daga lissafi, kuma bai yi ƙarya ko ɗaya ba.

Irin wannan gaskiyar mai gutsure ce ta sa hukumar sa ido kan talla ta Birtaniya ta haramta wasu allunan bankin HSBC guda biyu a Oktoban 2022. Ɗaya ya ce bankin na shirin samar da kuɗi har dala tiriliyan 1 don taimaka wa abokan hulɗarsa su rage hayaƙi, ɗayan ya yi maganar dasa itatuwa miliyan 2. Hukumar ba ta ce an ƙirƙiri alƙaluman ba. Cewa ta yi an ɓoye wa mai kallo cewa bankin yana ci gaba da zuba kuɗi masu yawa a harkokin da ke fitar da hayaƙin.

Dabarar da na fi ganin wayonta ita ce ta mayar da nauyin kan mai saye, cikin sigar girmamawa. A 1953 kamfanonin lemo da na gwangwani da kwalabe na cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Keep America Beautiful, wadda tallanta na 1971 ya shahara da cewa mutane ne ke fara gurɓata muhalli, su ne kuma za su iya dainawa. Zancen ya koma kan wanda ya yar da kwalba a titi, aka bar wanda ya yanke shawarar ƙera kwalbar da ba a dawo da ita. A 1986 wani mai fafutukar muhalli, Jay Westerveld, ya yi rubutu kan 'yar takardar da otal-otal ke ajiyewa suna roƙon baƙo ya sake amfani da tawul don ceton duniya, alhali abin da ake ceto na farko kuɗin wanki ne. Daga rubutunsa aka samo sunan da ake kiran wannan ɗabi'a da shi, wato yi wa kai kwalliyar kore. Kamfanin mai na BP kuwa a 2000 ya sauya tambarinsa zuwa fure mai kore da rawaya, ya ce haruffansa yanzu suna nufin an wuce zamanin fetur. A 2004 ya fito da manhajar da mutum zai auna hayaƙin da rayuwarsa ke haifarwa, daga tafiye-tafiyensa zuwa wutar gidansa. Ba BP ne ya ƙirƙiro tunanin ba, amma tallansa ya taimaka ƙwarai wajen shigar da shi bakin jama'a. Babu mai musun cewa halin ɗaiɗaikun mutane yana da tasiri. Abin lura shi ne wanda ya zaɓi a yi wannan hirar, da hirar da aka bari saboda ita. Shekaru shida bayan haka rijiyar man BP da na'urar haƙa ta Deepwater Horizon ke aiki a kanta ta fashe a Tekun Meziko, mutum 11 suka mutu, mai ya yi kwana 87 yana malala, shugaban kamfanin Tony Hayward kuma ya shaida wa 'yan jarida cewa shi ma yana son ya koma rayuwarsa ta da. Jimla ɗaya da ba lauya ya duba ba ta rushe tallan shekara goma.

A ƙarƙashin duk wannan akwai rarrabewar da harshen ke ƙoƙarin shafewa: bambanci tsakanin abin da kamfani ke yi da ribarsa da yadda ya samo ribar. Kyauta tana da daɗin faɗa, tana da hoto, ga bikin yanke ƙyalle. Albashi da haraji da tsaron lafiyar ma'aikaci haƙƙi ne, babu mai gode maka don ka biya. Shi ya sa rahoto zai ba da shafi goma ga gidauniya, ya ba haraji layi biyu. Indiya ta ɗauki ɓangaren kyautar ta mayar da shi doka a 2013, inda ta umarci manyan kamfanoni su kashe kashi 2 cikin 100 na matsakaiciyar ribarsu ta shekara uku a ayyukan al'umma, wanda bai kashe ba kuma da farko bayani kawai ake nema daga gare shi. Ɓangaren haƙƙin ya fi wuya. Ranar 24 ga Afrilun 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a kusa da Dhaka ta Bangladesh, mutum 1,134 suka rasu, akasarinsu masu ɗinka tufafin da ake sayarwa a Turai da Amurka. Da yawa daga kamfanonin da ake ɗinka wa kayan suna da kundin ɗa'a mai kyawun karatu, wanda ke cewa suna "sa ran" masu kawo musu kaya za su kiyaye lafiyar ma'aikata. Abin da ya kawo canji a zahiri wata takarda ce daban da aka sa wa hannu bayan 'yan makonni, wadda sama da kamfanoni 200 suka shiga daga baya tare da ƙungiyoyin ƙwadago. Ita wannan ta tanadi masu duba gini masu zaman kansu, da wallafa sakamakon dubawar, da damar gurfanar da wanda ya saɓa. Batun ɗaya ne a takardun biyu. A ta farko an ce "muna sa ran", a ta biyu an ce "wajibi ne".

To ko duk wannan na nufin a toshe kunne? A'a, domin magana zarar bunu ce, kuma kamfanoni sun sha ganin haka. A 1998 wani ɗan fafutuka, Marc Kasky, ya kai Nike ƙara a California bisa abin da ya faɗa wa jama'a game da yanayin aiki a masana'antun Asiya. Nike ya kare kansa da 'yancin faɗar albarkacin baki, amma a 2002 kotun ƙolin jihar ta ce wannan magana ce ta kasuwanci, dokar hana tallan ƙarya tana hawa kanta. An sasanta a 2003 a kan dala miliyan 1.5, kuma a 2005 Nike ya wallafa sunayen masana'antu sama da 700 da ke masa aiki, abin da kowa zai iya bi ya duba. Volkswagen ya shekara da shekaru yana tallan dizal "mai tsafta", har aka sa shi a sahun gaba na masu ƙera motoci a ma'aunin ɗorewa na Dow Jones a Satumban 2015. A cikin watan ne hukumar kare muhalli ta Amurka ta bankaɗo manhajar da ke gane lokacin gwaji ta rage hayaƙi, a kan titi kuma motar ta fitar da har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa, ya kuma ci wa kamfanin sama da yuro biliyan 30. Wani ɓangare na ƙarar da aka shigar a kansa a kan tallan ne kai tsaye. A Maris na 2024 wata kotu a Amsterdam ta ce 15 daga cikin kalamai 19 na kamfanin jiragen KLM kan muhalli masu ɓatarwa ne. Tarayyar Turai kuma a shekarar ta zartar da dokar da za ta hana, daga Satumban 2026, a kira kaya mai mutunta muhalli ba tare da hujja ba, ko a ce kaya ba ya ƙara hayaƙi don kawai an biya wani ya dasa itace a wani wuri.

Sakamakon wannan matsi ya zo da fuska biyu. Wasu kamfanonin sun fara rubuta abin da za a iya aunawa, har da inda suka gaza, kuma rahoton da ya ce "mun yi alkawarin kaza, rabin sa muka cimma, ga dalili" ya fi cancantar a yarda da shi fiye da wanda babu tabo a jikinsa. Wasu kuwa shiru suka zaɓa. A Amurka matsin ya zo daga ɓangare biyu, masu cewa ana yaudara da masu cewa kamfanoni sun tsoma baki a siyasa. A Yunin 2023 Larry Fink, shugaban kamfanin zuba jari na BlackRock, wanda wasiƙunsa na shekara-shekara suka taimaka wajen yaɗa ESG, ya ce ya daina furta haruffan domin an mayar da su makami. Kamfanoni da dama suka bi sahu, suka sauya sunayen rahotanninsu, wasu suka sassauta alkawuran da suka yi a baya ba tare da sun yi shela ba.

Wannan shirun ba nasara ba ne ga mai sa ido. Kasky ya samu abin riƙewa ne saboda Nike ya yi magana, haka ma masu ƙarar KLM. Kamfanin da bai ce komai ba ba shi da jimlar da za a ɗora a kan aikinsa a ga inda suka saɓa. Shi ya sa muhawarar yanzu ta koma kan tilasta bayyana alƙaluma a tsari guda, wanda mai binciken kuɗi daga waje zai duba kamar yadda ake duba lissafin riba da asara. Tarayyar Turai ta kafa irin wannan doka a 2022, kamfanoni suka koka da tsadar bin ta, kuma a 2025 aka ɗage lokacin fara aikinta ga da yawa daga cikinsu, aka kuma shiga ja-in-ja kan rage yawan waɗanda za ta shafa.